Na-Iya Da Lemon Famfo

A makon da zafi ya kai ƙadangare na ɗaga ƙafa ɗaya ya huta kafin ya taka siminti, a makon ne Na-Iya ya yanke shawarar shayar da bene guda lemo ta famfo.

Na-Iya shi ne mai kula da benen: hawa uku, gidaje goma sha biyu, da shagon aski a ƙasa. Gyaran famfo ya koya, amma in ka saurari bakinsa sai ka rantse shi ya koya wa ruwa gangara. Ba a taɓa ambatar wani aiki a gabansa bai bugi ƙirji ya ce "ai na iya" ba, har sunansa na gaskiya ya ɓace, wannan ya zauna daram. Aikin ne ya ba shi ɗaki biyu a ƙasan benen, inda yake zaune da matarsa, wadda kowa ke kira Tela saboda keken ɗinkinta ba ya hutawa.

Kullum da yamma mutanen benen sukan taru a ƙarƙashin matakala, don nan kaɗai iska ke ratsowa. Gwaggo, tsohuwar hawa na ɗaya, wadda ba gwaggon kowa ba ce amma kowa Gwaggo yake ce mata, takan sauko da kularta cike da lemon da ta haɗa: lemon tsami, sukari daidai misali, ganyen na'a-na'a, ga ƙanƙara na ƙwal-ƙwal a ciki. Kofi ɗaya take ba kowa. Wanda ya nemi ƙari, sai ya ji tarihin kakansa.

Ran Laraba Na-Iya ya karɓi nasa kofin, ya shanye a kurɓi biyu, ya lashe leɓe, sannan ya taɓe baki.

"Ba laifi," in ji shi. "Sai dai aikin hannu ne. Aikin da."

"Miƙo mini kofina," in ji Gwaggo. "Aikin da ɗin ne ka shanye har da ganye."

"Ba raini ba ne, Gwaggo, duniya ce ta ci gaba. A ce manyan mutane su yi layi a kan kula ɗaya kamar masu jiran allura?"

Mai Aski, wanda ke jingine a ƙofar shagonsa yana kakkaɓe tawul, ya ce, "Kai dai ka ji da kanka. Mai Bene ya bugo mini waya ɗazu. Ran Asabar ƙarfe biyu zai zo. Ya ce ka nuna masa dalili ɗaya da zai sa ya bar ka a ɗakunan nan. In babu, akwai mai jiran mabuɗi."

"A kan me? Me na yi?"

"Ƙararrawar ƙofa," in ji Ticha, malamin lissafi na hawa na uku, mutumin da ba ya fita sai da farin kaya mai karin guga. "Tun da ka gyara ta, duk baƙon da ya danna sai fankata ta mutu."

"Wannan ai tsaro ne. Ko barci kake yi, zufa za ta gaya maka an yi baƙo."

Aka kwashe da dariya, ban da Tela.

"Maigida," ta ce, "ka gyara ƙararrawar nan, ka share matakala, in mutumin ya zo ka ba shi haƙuri. Shi ke nan fa. In aka kore mu, ina zan kai keke da gado?"

Na-Iya bai ji ta ba. Ya ɗaga kai yana kallon bututun da ya sauko daga tankin saman bene, idanunsa na ƙyalli. Can ya hau matakala uku don kowa ya gan shi, ya gyara murya.

"Jama'a! Ran Asabar, ƙarfe biyu daidai, kowa ya tsaya a kicin ɗinsa da kofi a hannu. In kun ji na buga bututu sau uku, ku murɗa famfo. Lemo ne zai zubo! Mai sanyi! Ba layi, ba kula, ba gori. Mai Bene in ya kurɓa, ba ɗaki biyu ba, hawa guda zai ba ni, ya haɗa da godiya."

"Ta famfo?" in ji Ticha. "Ka kuwa san lita nawa tankin nan ke ci?"

"Ticha, kai a allo ka san ruwa. Ni ruwa ne ya san ni."

Gwaggo ta rufe kularta, ta ce, "Allah Ya nuna mana Asabar lafiya. Ya nuna mana Lahadi ma."

Ran Asabar da safe Tela ta ɗauki jaka za ta kasuwa sayen zare. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Don girman Allah, kada ka taɓa mini komai."

"Me zan taɓa? Jeki abinki."

Ko kwana ba ta sha ba ya turo baro: buhu huɗu na lemon tsami, da rabin buhun sukari a sama. Ya baje a tsakar ɗaki, ya yi ta tsaga lemo biyu-biyu har ya tara tudu. Sai matsa. Ya matse ashirin, ya duba bokiti, ruwan ko gindin bokitin bai rufe ba, yatsunsa kuwa sun ƙage kamar ƙafar kaza. Ya dubi tudun lemo, ya dubi agogo. Sannan idonsa ya faɗa kan injin wankin Tela da ke lungun banɗaki.

"To me ya raba wanki da matsa?" ya tambayi kansa. "Duk ai juyi ne."

Ya ɗaga murfi, ko leƙa ciki bai yi ba, ya yi ta antaya lemo har ya cika maƙil. Ya danna da ƙafa, ya ƙara. Ya sa bakin tiyon da ke fitar da ruwa a bokiti, ya murɗa injin zuwa gudu na ƙarshe.

Da farko injin ya yi gurnani. Sai ya yi tari. Sai ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya dire, ya ɗaga ɗayar. Kafin Na-Iya ya ce wani abu, inji ya baro lungu, ya ratsa falo yana tsalle-tsalle, ya ture kujera, ya nufi ƙofa kamar an aike shi. Na-Iya ya yi wuf ya ɗare kansa don ya danne shi, yana riƙe da bokiti a hannu ɗaya. Haka suka fito har bakin ƙofa, inda wayar wuta ta ƙare, inji ya tsaya yana rawa a wuri ɗaya da mahayinsa a kai.

Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Sannu da sukuwa. Ina aka nufa?"

"Gwa-gwa-gwaji na-nake yi," in ji Na-Iya, haƙoransa na haɗuwa.

Mai Aski ya duba bokitin. Ruwan da ke zubowa ja-ja ne, da kumfa tana tashi a kai kamar auduga.

"Yau na ga ikon Allah. Lemon tsami ja?"

"Iri ne na musamman. Ba kowa ake sayar wa ba."

"Kumfar fa?"

"Ka taɓa buɗe lemon kwalba bai yi kumfa ba? Gas ke nan. Kamfani sai sun sa da inji, ni nawa da kansa ya zo."

"To ɗanɗana mu gani."

"Gwani ba ya ɗanɗanawa, ido ya ishe shi. Kai kana ɗanɗana gashi kafin ka aske?"

Sau biyar ya cika injin, sau biyar suka yi sukuwa. Daga nan aka shiga jigilar bokiti zuwa saman bene. Ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, kowace tafiya sai matakala ta sha rabonta, har takalminsa ya fara cewa caɓ-caɓ. A sama ya rufe makullan ruwa guda biyu da ke gindin tanki, kada ɗigo ya sauka kafin lokaci. Ya buɗe murfin tanki, ya juye lemon a kan ruwan da ke ciki. Da ya ɗaga buhun sukari zai juye, iska ta taso ta raba: rabi a tanki, rabi a jikinsa mai zufa. Ya samo wani dogon katako ya yi ta juyawa yana waƙa.

Saura ƙanƙara. Wannan ma ya riga ya shirya: abokinsa mai sayar da kifi ya aiko masa da manyan dunƙule uku daga ɗakin sanyinsa, kowanne ya kai akwati. Na-Iya ya ɗaure na farko da igiya, ya hau sama, ya fara ja. Rana na duka, ƙanƙara na ramewa. Tana kaiwa hawa na biyu ta zame daga igiyar salin-alin, ta sauko ta raba bencin Mai Aski gida biyu.

"Na-Iya!" Mai Aski ya ƙwala kira daga ƙasa. "Da akwai mutum a kai fa?"

"Da ya sha sanyi kyauta! Bencin nan dama ya tsufa, zan gyara maka. Na iya!"

Sauran biyun a baya ya goya su, ɗaya bayan ɗaya. A tafiyar farko kyanwa ɗaya ce ta biyo shi. A ta biyu sun zama bakwai, suna tafe a jere, wutsiya sama, suna lasar abin da ke ɗiga daga rigarsa. Gwaggo ta buɗe ƙofarta tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Ƙarnin me nake ji haka?"

"Iskar teku ce, Gwaggo. Sanyin ne ya fara isowa."

"Su kuma waɗannan fa?"

"Dabba ma ta san abu mai kyau."

Ya jefa ƙanƙara a tanki, tsulum, tsulum, ya ce tsami zai kashe ƙarni. Yana cikin juyawa sai ga muryar Ticha ta tagar banɗakin hawa na uku.

"Na-Iya! Wa ya ɗauke ruwa? Na saɓa sabulu tun daga kai har ƙafa, ido a rufe! Ƙarfe uku zan yi jawabi a taron iyayen yara!"

"Minti goma, Ticha! Maimaita jawabin kafin nan!"

Abin da Na-Iya bai sani ba, Mai Bene ya riga ya iso tun ɗaya da rabi. Gajere ne mai tumbi, mai magana a hankali kamar ana auna masa ita da cokali. Da ya ga da sauran lokaci, sai ya zauna a kujerar Mai Aski ya ce a yi masa ƙwal-kwabo, ko ya ji sauƙin zafi. Mai Aski ya bi kan da reza har yana ɗaukar ido, ya kwantar da shi a bakin kwamin wanke kai, ya murɗa famfo. Ba ruwa. Ya bar shi a buɗe, ya ce, "Yanzun nan zai zo, ranka ya daɗe."

A sama, ƙarfe biyu ta buga. Na-Iya ya durƙusa gaban makullan nan biyu. Ɗaya na kai ruwa kicin-kicin, ɗaya na kai wa banɗakuna da shagon aski. Shi da kansa ya shafa musu fenti bara, ɗaya ja ɗaya shuɗi, don kada ya manta.

"Ja," ya ce, "wuta ke nan. Wuta kuwa a kicin take." Ya kai hannu, ya tsaya. "Ko kuwa ja hatsari ne, banɗaki akwai santsi? To shuɗi... shuɗi sanyi ne. Lemo sanyi ne. Ka ji magana ta fito!"

Ya ɗauki sifana ya buga bututu. Ƙwang! Ƙwang! Ƙwang! Ya murɗa shuɗi har ƙarshe, ya miƙe ya harɗe hannu.

Ya kasa kunne. Sai ihu ya tashi daga hawa na uku, siriri, dogo. Wani ya amsa daga hawa na biyu. Sannan daga can ƙasa wata irin ƙara ta taso wadda ta kori tattabarun unguwa gaba ɗaya.

"Alhamdu lillahi," in ji Na-Iya, har da ƙwalla. "Sun ɗanɗana."

Ya kakkaɓe riga, ya fara saukowa a hankali don ya ba jama'a damar shirya yabo. A hawa na uku ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Ticha ya faɗo waje ɗaure da tawul. Daga kansa har ƙafarsa launin cikin kankana ne, kumfa na tsiyaya, 'ya'yan lemo sun maƙale a gashin ƙirjinsa, ido ɗaya a rufe, haƙora na kaɗawa. A hannunsa ga farar rigar jawabi, wadda ya lalubo ya goge fuska da ita a zaton tawul ce.

"Me-me ka zubo mini?"

"Haba Ticha! A kofi na ce, ba a jiki ba. Kwaɗayi ya kai ka wanka da shi?"

"Shawa ce! Ta shawa ya fito! Dubi rigata!"

"Ta ma fi kyau. Fari ai ya yi maka yawa."

Kyanwoyi uku suka kewaye ƙafafun Ticha suna lasa. Ya yi tsalle, tawul ya nemi guduwa, ya cafke shi da ƙyar.

A hawa na biyu kumfa ce ja-ja ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofofi, wata mata na ihun an shiga tukunyar banɗakinta da sihiri. A hawa na ɗaya Gwaggo na tsaye da kofi a kife.

"Na murɗa," ta ce. "Famfon ya yi gyatsa sau biyu, ya yi shiru. Ko iskar ce lemon zamani?"

Nan gaban Na-Iya ya fara faɗuwa, amma bakinsa bai sani ba tukuna.

"Na sama ake fara ba, Gwaggo. Naki na hanya."

Yana kaiwa ƙasa, ƙofar shagon aski ta yi waje, Mai Bene ya fito a guje, zanen aski na filfilwa a wuyansa, kumfa ta yi masa hula, hannu biyu a sama.

"Kaina! Wayyo kaina! An zuba mini wuta mai sanyi!"

Duk wanda ya taɓa yankewa lemon tsami ya shiga wurin, ya san kaɗan daga abin da sabon aski ke ji. Mai Bene ya zaga baro sau biyu, ya tsallake ɓarin benci, ya tsaya tsakiyar titi yana fifita ƙoƙon kansa da takalmi. Masu shaguna suka fito, masu wucewa suka ja birki.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe!" in ji Na-Iya. "Yaya ka ji shi? Sukarin ya ji?"

Mai Bene ya juyo da jajayen idanu.

"Kai ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma wannan somin taɓi ne. Ran Asabar mai zuwa mangwaro, ta sama abarba da citta..."

"Rufe shi! Rufe shi kafin in rufe ka!"

Na-Iya ya kwasa sama da gudu, takalmi ɗaya ya manne a matakala ya bar shi nan. Ya kama shuɗin makulli ya murɗa, hannu na santsi. Ya sa sifana, ya taka da ƙafa, ya danna da duk ƙarfinsa. Ƙaras! Hannun makullin ya karye, ya zo masa a tafi.

"Ba komai," ya ce yana haki. "Ta ciki ake toshewa. Na iya."

Ya tuɓe riga ya dunƙule ta, ya hau bakin tanki, ya zura kai da kafaɗa yana lalubar bakin bututu. Bai kai ba. Ya ƙara zurawa. Kyanwa ɗaya ta ɗare bayansa don ta leƙa inda ƙarnin ke fitowa, nauyinta kuwa shi ne ya cika mudu. Tsulum!

Sanyi ya daki ƙashinsa. Ya taso yana furzar da kumfa, dunƙulen ƙanƙara ya buge shi a ƙeya, ya sake nutsewa. Cikin shure-shure diddigensa ya sami toshiyar da ke gindin tanki, wadda ake cirewa in za a wanke shi, ya yi waje da ita. Lemo ya ɓalle ya malale rufin bene, ya sami ƙofar matakala a buɗe, ya bi ta.

Daidai lokacin jama'a ke hawowa a fusace: Mai Aski a gaba, Mai Bene na biye, Ticha ya sauko ya tare su da tawul, sauran 'yan haya a baya. Suka ji wani shuuu daga sama. Mai Aski ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a, ku kama ƙarfe!" Bai rufe baki ba ruwan ya iso, ja-ja, da kumfa, da ɓawo, da gutsattsarin ƙanƙara. Mai Aski ya zauna a kan Mai Bene, Mai Bene ya zauna a kan Ticha, suka sauko hawa guda a jere, dum-dum-dum, kowace matakala sai ta gaishe su. Gwaggo na tsaye a ƙofarta suka wuce ta. Ta miƙa kofi ta tara, ta sansana, ta zubar.

"Dama an ce ruwa ba ya tsami banza," in ji ta.

Da tankin ya tsiyaye, ƙarti biyu daga cikin 'yan haya suka hau da rarrafe suka zaro Na-Iya ta ƙafa. Rana ta bushe shi nan take, sukari ya yi masa sulke, yana tafiya hannuwa a buɗe kamar wanda aka rataye a igiyar shanya. Ƙudan zuma kuwa sun riga sun sami labari. Suka rako shi tun daga sama har titi, suna kewaya kansa, kyanwoyi na biye.

"Kun gani?" ya ce da taron da ya cika ƙofar bene, leɓensa na rawa. "Ƙu-ƙudan zuma ba ya bin abin banza."

Sai ga Tela ta fito daga ɗakinsu. Ta dawo ta tarar da injin wankinta a bakin ƙofa yana hayaƙi. A hannunta tana riƙe da wani tsumma mai dabbare-dabbare, ɓawon lemo na zubowa daga cikinsa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Na-Iya tsoro ke nan.

"Maigida, ka leƙa cikin injin kafin ka zuba?"

"Gwani ba ya..."

"Rigar Gwaggo ce. Ja ce da safe. Na jiƙa ta da garin sabulu don rinin ya saki kafin in kai mata. Ita za ta sa ranar da jikarta za ta karɓi digiri."

Mai Aski ya dafe ƙugu. "Iri na musamman! Gas da kansa ya zo!"

Gwaggo ta karɓi rigar, ta ɗaga ta sama, ta leƙa Na-Iya ta wata ɓula da ke tsakiyar bayan.

"Ɗan nan," ta ce, "shekarata saba'in ina haɗa lemo, ban taɓa sanin ana sa riga ba. Lallai duniya ta ci gaba."

Titi ya ɗauki dariya, har da masu leƙowa ta tagogin benen da ke kallon nasu. Tela ta ciro gorar ruwan da ta sayo a kasuwa, ta tsiyaya wa Mai Bene a ka. Ya yi ajiyar zuciya, ya zauna a kan rabin benci, ya daɗe yana kallon benensa: kumfa na leƙowa ta tagogi, matakala na ɗiga, kiyashi sun ja layi tun daga bakin kwata.

"Ina mutumin da na ce ya same ni nan ya karɓi mabuɗi?" ya tambaya.

"Ya zo, ranka ya daɗe," in ji Mai Aski. "Ya leƙa, ya ce a gaishe ka, wai ya tuna yana da tafiya."

Mai Bene ya rufe ido. Da ya buɗe, muryarsa ta koma ta cokali-cokali.

"Na-Iya. Na so in kore ka yau. Amma duk garin nan ba mahaukacin da zai karɓi benen nan a haka. Za ka kwance kowane bututu, ka wanke shi, ka mayar. Za ka wanke tanki, da matakala, da banɗaki goma sha biyu. Benci, da riga, da injin baiwar Allah nan, duk suna wuyanka. Ba inda za ka sai ƙwallon lemo na ƙarshe ya fita daga gidana."

Tela ta sauke numfashi, ta zauna a bakin baro. Na-Iya kuwa ya juya ga jama'a, fuska ta washe har sukarin kumatunsa na tsagewa.

"Kun dai ji da kunnenku! Duk garin nan, ya ce, ba mai iyawa sai ni!"

Kafin Mai Bene ya buɗe baki, Na-Iya ya cafki hannunsa da hannu biyu yana girgizawa. Ya girgiza, ya girgiza. Mai Bene ya ja hannunsa. Bai fito ba. Ya sake ja, Na-Iya ya biyo shi taku ɗaya.

"Sake ni!"

"Na saki, ranka ya daɗe. Sukarin ne bai saki ba."

"A kawo ruwa!"

Aka dubi gorar Tela, ta ƙare. Aka dubi bene, ba mai ko ɗigon ruwan kirki.

"Sai famfon gidan mai, can ƙarshen layi," in ji Ticha, yana gyara tawul.

Haka suka kama hanya tsakiyar rana, hannu cikin hannu: Mai Bene a gaba yana ja, kansa na sheƙi, Na-Iya a baya da takalmi ɗaya, ƙudan zuma a sama, kyanwoyi bakwai a ƙasa. Duk shagon da suka wuce sai Na-Iya ya ɗaga haɓa ya gaisa.

"Sannunku da aiki! Kun gan mu nan, ni da maigidan. Tun ɗazu nake cewa ya bar ni in koma bakin aiki, ya ƙi sakina."